Fashin Baƙi: Idan kamfani ya koma motocin lantarki, hayaƙi raguwa yake yi ko ƙaura?

Tambayar da ke gaban masu kamfanonin sufuri da masu rarraba kaya, da duk wanda sana'arsa ke tafiya a kan taya, ita ce: idan aka jingine motocin fetur da dizal aka sayi masu aiki da batir, shin hayaƙin da ke ɗumama duniya raguwa zai yi da gaske, ko ƙaura kawai zai yi daga salansar mota zuwa tashar samar da wuta? In ma ya ragu, riba za a ci ko jari ne zai nutse?

Maganar ta daɗe da barin teburin masana. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, in aka haɗa da masu batir da inji tare, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A ƙasar Sin sun kai kusan rabin kasuwa. A Norway kuwa, kusan 89 cikin kowace sabuwar mota 100 da aka sayar a shekarar batir zalla ce. Masu talla na cewa motar ba ta hayaƙi sam. Masu suka na cewa yaudara ce tsagwaronta, tunda wutar da take sha da kwal aka samar da ita. Dukansu sun tsallake abubuwa biyu da ke raba gardamar: daga ina wutar ta fito, kuma kilomita nawa motar ke ci a rana.

Wane hayaƙi ake nufi?

Abu biyu ne ke fita daga salansa, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne wanda hanci ke ji, wani lokaci ido ya gani: baƙar ƙura mai laushi da gurɓatacciyar iskar da injin dizal ya fi fitarwa, masu shiga huhu. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Illar wannan a nan kusa take, a kan wanda ke zaune ko sana'a a bakin titin da motar ke bi.

Na biyu iskar kabon ce. Ba wari, ba launi, ba ta sa tari. Taruwa take yi a samaniya tana riƙe zafin rana, kuma wani kaso nata yakan daɗe ɗaruruwan shekaru. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana ba da kimanin kilo 2.3 na wannan iska, ta dizal kuma kusan kilo 2.7. Mutane kan yi mamakin yadda lita da ba ta cika kilo guda ba za ta haifi fiye da kilo biyu. Dalilin shi ne kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da injin ya shaƙa, nauyin ya ƙaru. Harkar sufuri ke fitar da tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ƙona makamashi ke samarwa a duniya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan daga motocin titi ne.

A kan na farko babu ja. Motar da ba ta da salansa ba ta busa wa kowa hayaƙi, ko da yake tayoyinta na ci suna tada ƙura, kuma nauyin batir yana ƙara musu ci. A kan na biyun ake gardama.

Lissafin da kowa zai iya yi a takarda

A ɗauki mota mai shan lita 8 na fetur a kilomita 100. Iskar kabon da ke fita daga salansarta ta kai kilo 18 da 'yan kai. Amma man bai faɗo daga sama cikin tanki ba: an haƙo shi, an tace, an yi dakonsa, kuma kowane mataki da nasa hayaƙin. In aka haɗa, lissafin yakan tashi kilo 22 ko 23.

Takwararta ta lantarki tana buƙatar kimanin yunit 20 na wuta a wannan tafiyar, har da ɗan abin da ke salwanta wajen caji. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda mitar wuta ke ƙirgawa, kilowat ɗaya na tsawon awa guda. To daga nan hanya ke rabuwa. Idan tashar kwal ce ta samar da wutar, kowane yunit na ɗauke da kusan kilo guda, jimilla wajen kilo 20: ragin bai taka kara ya karya ba. Idan tashar iskar gas ce, kilo 9 zuwa 10, ƙasa da rabi ke nan. Idan madatsar ruwa ce ko hasken rana ko iska ko nukiliya, da ƙyar ya wuce kilo ɗaya.

Shi ya sa mota iri ɗaya, ƙirar kamfani ɗaya, za ta zama kusan tsarkakakkiya a Norway ko Habasha, inda ruwa ke juya injinan wuta, ko a Faransa mai dogaro da nukiliya, amma amfaninta ya yi ƙasa sosai a Afirka ta Kudu, inda kimanin kashi 80 cikin 100 na wutar daga kwal yake. Wani nazari da cibiyar ICCT mai binciken harkar sufuri ta fitar a 2021, wanda ya bi mota tun daga ƙera ta har zuwa ranar da za a yar, ya gano cewa matsakaiciyar motar batir ta fi ta fetur ƙarancin hayaƙi da kashi 66 zuwa 69 cikin 100 a Turai, 60 zuwa 68 a Amurka, 37 zuwa 45 a Sin, 19 zuwa 34 a Indiya. A lura, ko a Indiya mai yawan kwal ba ta faɗi ba. Sirrin yana cikin injin: na fetur yana ɓarar da kashi 70 ko fiye na ƙarfin man a matsayin zafi, shi ya sa yake buƙatar lagireto, alhali motar lantarki na kai fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da ta sha zuwa taya.

Akwai yanayi guda da lissafin ke rushewa gaba ɗaya, kuma masu talla ba su cika ambatonsa ba. Shi ne cajin mota da janareton dizal. Ƙaramin janareto yakan ba da kamar yunit 3 a kowace lita, don haka yunit 20 zai ci kusan lita 7, wato kilo 18 na iskar kabon tun kafin a haɗa da na matata. An gudu ba a tsira ba. Kamfanin da yake wurin da wutar gwamnati ba ta tsayawa, kuma bai tanadi hasken rana ba, gara ya san cewa motar dizal ya saya, sai dai injin nata a bayan gareji yake zaune.

Bashin da batir ke zuwa da shi

Masu suka suna da gaskiya a wuri ɗaya: ranar da motar lantarki ta fito daga masana'anta ta riga ta fi ta fetur laifi. Haƙar ma'adinai, tace su, da gasa kayan batir a tanderu suna cin makamashi mai yawa. Batir mai ɗaukar yunit 60 yakan zo da tan 3 zuwa 6 na iskar kabon a wuyansa, gwargwadon inda aka ƙera shi. Bashi ne, kuma da tafiya ake biyansa.

A ce bashin tan 5 ne, kuma motar na rage kilo 12 a kowace kilomita 100, kamar yadda lissafin wutar iskar gas ya nuna. Sai ta yi kusan kilomita 42,000 kafin ta fita kunya. Motar kai kaya mai cin kilomita 150 a rana za ta biya cikin shekara guda, duk abin da ya biyo baya riba ce ga duniya. Motar manaja kuwa, da ke zuwa ofis ta dawo, kilomita 20 a rana, in an cire ranakun hutu za ta kwashe kusan shekara bakwai tana biya. Abin takaicin shi ne kamfanoni da dama da motar manajan suke farawa, don ita ake gani a hoto. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi yawa a harkar, kuma ya fi kowanne sauƙin gyara: motar da ta fi wahala ita ta fi cancantar batir.

Ma'adinan kansu da nasu zancen. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda aka sha samun rahoton yara a ramukan haƙa. Fiye da rabin nikel daga Indonesiya ne, inda ake sare daji ana kuma narka shi da wutar kwal. Litiyom galibi daga Ostireliya da Chile da Sin, tacewar kuma mafi yawanta a hannun Sin take. Sai dai akwai nau'in batir da ake kira LFP, wanda ba kobalt ba nikel a cikinsa, kuma kamfanonin CATL da BYD na ƙasar Sin sun yaɗa shi sosai. Ya fi araha, ya fi jure yawan caji, ya fi wuyar kamawa da wuta, amma ya fi nauyi a kan wutar da yake ɗauka. Ga motar da ke zagaye cikin gari tana kwana a gareji, wannan aibin ba ya damun kowa.

Tsada a gaba, sauƙi a baya

Ɗan kasuwa ba don samaniya kaɗai zai saki motocinsa ba, sai lissafi ya fita. Batir ne mafi tsada a jikin motar, kuma farashinsa ya faɗi warwas: daga sama da dala 1,000 kan kowane yunit a 2010 zuwa kimanin dala 115 a 2024, bisa ƙididdigar cibiyar bincike ta BloombergNEF. Duk da haka a yawancin kasuwanni motar lantarki ta fi takwararta tsada ranar saye, in ban da Sin, inda da yawansu sun riga sun fi na fetur araha.

Sauƙin daga baya yake zuwa. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kuloci, babu salansar da za ta ruɓe. Birki ma yana daɗewa, domin motar na rage gudu da injinta tana mayar da ƙarfin cikin batir, abin da ya sa cunkoso da tsaye-tsaye, masu kashe motar fetur da shan mai, su ne inda ta fi nuna bajinta. Kuɗin makamashi kuwa ya danganta da inda aka yi caji. A gareji da dare yana da sauƙi ƙwarai, a tashar caji mai sauri ta 'yan kasuwa kuwa yakan ninka sau biyu ko uku har ya kusa kamo kuɗin mai.

Wato dai an tattaro kuɗin man shekaru an biya shi gaba ɗaya a ranar farko. Wanda ke da jari a hannu, ko yake samun bashin banki da ruwa kaɗan, wannan ciniki ne mai kyau a gare shi. Wanda zai ci bashi da ruwa mai yawa, ruwan zai iya cinye ragin man tas. Nan ne babban kamfani ke barin ƙarami a baya, ba wai don ya fi shi son muhalli ba.

Abin da ya faru da Hertz, da abin da ya faru a Shenzhen

A watan Oktoban 2021 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar da cewa zai sayi motocin lantarki 100,000 ƙirar kamfanin Tesla. A Janairun 2024 ya dawo ya ce zai sayar da 20,000 daga motocinsa na lantarki, kusan kashi ɗaya cikin uku. Dalilan da ya bayar: gyaran motar idan ta yi karo yana da tsada, sannan da Tesla ta zaftare farashin sabbi a 2023, darajar waɗanda ke hannunsa ta zube. Kamfanin haya da sayar da mota bayan shekara biyu ko uku yake mayar da kuɗinsa, kuma masu karɓar hayar baƙi ne da ba su san inda za su yi caji ba.

Birnin Shenzhen na ƙasar Sin kuwa ya kammala mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 zuwa lantarki a ƙarshen 2017, da tallafi mai tsoka daga gwamnati. Bas hanyarta ɗaya ce kullum, nisanta sananne, inda take kwana sananne, kuma za a yi aiki da ita shekaru ba tare da tunanin sayarwa ba. Irin wannan hangen ne ya sa kamfanin Amazon mai sayar da kaya ta intanet ya yi odar motocin kai kaya na lantarki 100,000 daga kamfanin Rivian a 2019.

Fasahar ɗaya ce a wuraren nan, aikin ne ya bambanta. Bas ɗin cikin gari, motar rarraba kaya, tasi, motar kwashe shara, babur da keke mai ƙafa uku na haya, duk sun dace. Babura ma sun samu wata mafitar: musayar batir, a ajiye wanda ya ƙare a ɗauki cikakke cikin minti biyu, kamar yadda kamfanin Gogoro ke yi a Taiwan da kamfanin Ampersand a Ruwanda. Tirelar da ke cin dogon zango ita ce mai wuya, domin batirin da zai kai ta yana da nauyin tan-tan, kuma duk tan ɗin batir tan ne na kaya da aka rasa. Tarayyar Turai sai da ta ƙara wa irin waɗannan manyan motoci izinin tan 2 a kan iyakar nauyi saboda haka.

Matsalar da ba a jikin motar take ba

Mutum ya sayi mota cikin mako guda, amma jawo wutar da za ta ishe ta sai ya ɗauki watanni. A ce kamfani na da motocin kai kaya 20, kowace na cin kilomita 150 a rana, tana buƙatar wajen yunit 38. Da na'urar caji mai kilowat 7, awa biyar da rabi ya isa. Amma idan duka suka jona lokaci guda, kilowat 140 ke nan, abin da taransifomar ƙaramin gareji ba lallai ta ɗauka ba. Idan aka ce sai caji mai sauri na kilowat 50, an kai kilowat 1,000, wutar ƙaramar masana'anta. Dabarar da masu harkar ke bi ita ce caji a hankali cikin dare, bi da bi, da na'urar da ke raba wutar. Ya fi araha, kuma ya fi tausaya wa batir.

Hasken rana mafita ce ta gaske, amma da sharaɗi. Motocin nan 20 na shan yunit 760 a rana. A ƙasa mai rana sosai, faifan kilowat ɗaya na ba da yunit 4 zuwa 5, don haka ana maganar faya-fayan kilowat 170, rufin da ya kusa murabba'in mita 1,000. Ga kuma saɓanin lokaci: rana na fitowa ne sa'ad da motocin ke bakin aiki. Ko dai a sayi wani babban batir da zai ajiye wutar zuwa dare, ko a sauya jadawali wasu motocin su huta da tsakar rana.

Tsoron cewa batir zai mutu cikin shekara biyu kamar na waya ba shi da tushe. Yawancin masu ƙera motoci na ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma bayanan da aka tattara daga dubban motocin kamfanoni na nuna batir na rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙarfinsa a shekara. Zafi mai tsanani da yawan caji mai sauri suna gaggauta tsufansa, sanyi kuma yana rage nisan da zai kai. A ƙasa mai zafi, batir mai na'urar sanyaya ta ruwa ba ado ba ne.

Hayaƙin da ke ɓacewa a takarda kawai

Kamfanoni na ƙirga hayaƙinsu a rukuni uku: wanda motocinsu da injinansu suka fitar, wanda ya zo ta wutar da suka saya, da wanda abokan hulɗarsu suka fitar a madadinsu. Komawa lantarki yana kwashe hayaƙi daga rukunin farko ya kai ragowarsa na biyu. Wanda ya nuna wa jama'a rukunin farko kaɗai zai ce ya kai sifiri. Wani ma ko motar lantarki ba zai saya ba: sai ya sayar da motocinsa ya ba 'yan kwangila dakon kayan, hayaƙin ya koma rukuni na uku, rahotonsa ya fito fes.

Haka motar da ke da batir da inji tare, wadda ake iya yi wa caji. A takarda shan manta kaɗan ne. Amma bayanan da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 sun nuna cewa a kan titi hayaƙinta ya ninka na gwaji sau uku da rabi. Motocin kamfani ne suka fi muni, kuma ba abin mamaki ba ne: direban da kamfani ke biya masa mai, amma wutar gidansa shi zai biya, me zai sa ya jona?

Gwamnati, direba da bakanike

Dokoki na turawa, amma ba su da tabbas. Tarayyar Turai ta zartar a 2023 cewa daga 2035 sai motar da ba ta hayaƙi za a sayar sabuwa, kuma tuni ake ja-in-ja kan sassauta dokar. Landan na karɓar fam 12.50 a rana daga tsofaffin motoci masu gurɓata iska tun 2019, ta kuma faɗaɗa tsarin zuwa dukan birnin a 2023. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024, da nufin rage kuɗin waje da sayen mai ke cinyewa. Jamus kuwa ta soke tallafin saye kwatsam a Disambar 2023, cinikin motocin batir ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar da ta biyo, Amurka ma ta kawo ƙarshen rangwamen dala 7,500 a Satumbar 2025. Lissafin da sai da tallafi yake fita, na gwamnati mai ci ne kawai.

Direba ya samu sauƙin ƙara da jijjiga da shaƙar hayaƙi, amma ya samu sabon aiki: kula da nisan da ya rage, da jiran caji, wanda in ba a saka shi cikin lokacin aiki ba daga hutunsa za a cire. Bakanike ne zai fi ji a jika, domin juyen mai da gyaran inji su ne abincinsa na yau da kullum. Gyaran taya da birki da ƙafafun mota suna nan, sai dai batirin da ke ɗauke da ƙarfin wuta na bolt 400 zuwa 800 ba a taɓa shi da ka, kuskure ɗaya kisa ne, dole sai da horo da kayan kariya.

Sauran tambaya ita ce ina tsofaffin motocin za su. Kamfanin da ya sauya ba ƙona su yake yi ba, sayarwa yake yi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 80 cikin 100 ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suka nufa. Motar dizal ɗin da ta fita daga rahoton wani kamfani a Turai za ta iya ƙara shekara goma sha biyar tana aiki a wata nahiyar. Don haka mafi yawan masu nazarin harkar ke ba da shawarar a sauya mota idan lokacin sauya ta ya yi, ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi yawan zirga-zirga, bayan an ɗauki watanni ana rubuta nisan da kowace ke ci a rana da awannin da take yi a tsaye.